Yankan Bahaguwa a Jikin Mwiritsa

Ambani ɗan Lusiola ya yi ɓarna, kuma yana sane ya yi ta. Ba yaro ba ne, ba mahaukaci ba ne, yunwa ba ta taɓa kwana a gidansa ba. Shekararsa talatin da shida, yana da mata da 'ya'ya uku da gonar rake. Ya shiga kurmi da adda da tsani, ya feɗe bishiyar mwiritsa, wadda ake magani da ɓawonta, tun daga gindi har inda rassa suka rabu, ya zagaye ta kaf, bai bar mata ɓawo ko na faɗin yatsa ba. Ya cika buhu tara, ya sayar wa wani mai babbar mota, ya sayi bijimin karo ya sa masa suna Kwamanda.

Duk wanda aka haifa a bakin kurmin Kakamega ya san yadda ake ɗibar ɓawo. Faɗin tafin hannu ake yanka, daga gwiwa zuwa ƙirji, ta gefen da rana ke fitowa. A shafe raunin da laka, a tafi. Sai damina huɗu ta wuce a dawo, a ɗiba ta ɗaya gefen. Ba a barin yanka biyu su haɗu, domin ta ɓawo bishiya ke sauko wa saiwarta da abinci, in an zagaye ta an shaƙe ta ke nan. Ambani ya san wannan. Wadda ta koya masa ita ce ya cuta.

Ayuma matar baffansa Ingosi ce. Shekara talatin da ɗaya tana ɗibar magani daga wannan bishiya, tun surukarta Imbuhila na da rai. Sauran mwiritsa da ke kusa da gari duk masu kwaɗayi sun kashe su tuntuni, wannan kaɗai ta rage, don tana can ciki inda ƙafa ba ta yawan zuwa. Bara da gwiwa ta dame ta, Ayuma ta nemi Ambani ya raka ta ya riƙe mata kwando. Laifinta ke nan, kuma ba ta taɓa musun sa ba.

Ranar da ta je ta gani, tun kafin ta isa hancinta ya gaya mata. Ɗanyen ɓawon mwiritsa yana da wani ƙamshi mai ɗaci da ba ya ɓuya, ga shi ya cika wurin. Ta tarar da bishiyar tsirara, jikinta ja yana naso, ƙudaje sun yanyame ta. Ta zagaya sau biyu tana neman ko da zare ɗaya na ɓawo da ya tsira ya haɗa sama da ƙasa. Babu. Ta ɗebo laka daga rafi ta fara shafawa kamar yadda ta saba, ta kai iyakar tsawon hannunta, sai ta ga aikin banza take yi. Ta wanke hannu ta koma gida.

Ingosi na zaune a gindin ayaba yana gyara igiya. Shekara shida ke nan ciwon fitsari na tsofaffi ya kama shi. Sau ɗaya abin ya toshe gaba ɗaya, aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, aka sa masa roba, ya yi wata guda yana yawo da leda a ƙarƙashin riga. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana jan bijimai zuwa filin karo, ana kiɗa ana kiran sunansa, ya daina fita ko ƙofar gida. Tun da aka cire robar yake shan ruwan ɓawon safe da yamma, abin bai sake toshewa ba.

"'Yar Tiriki, kin dawo da kwando wayam," in ji shi. Haka yake kiran ta in yana son tsokana, don daga can aka auro ta. "Ko birai sun yi miki fashi?"

"Biri yana da kunya. Ɗanka ne."

Ta gaya masa. Ya ajiye igiyar, ya ɗaga kai ya dubi ƙunshin da ke rataye saman murhu a cikin madafa.

"Nawa ya rage?"

"In na yi tsimi, wata biyu."

"To ki yi tsimin," ya ce. Sannan ya ƙara: "Amma ki sani, ba zan sake ɗaukar ledar nan ba. Gara ki sa a haƙa mini rami a bayan ayabar nan."

"Ramin ma wa zai haƙa? Ambani? Sai ya sayar da ƙasar."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Washegari ta je gidan Ambani. Ta same shi yana goge wa bijimin ƙaho da kwalba, samari sun kewaye suna yabo. Dabba ce ta gani ta faɗa, baƙa wuluk, wuyanta kamar turmi.

"Inna, sannu da zuwa. Kin zo ganin Kwamanda?"

"Na zo ganin fatar bishiyata. An ce ta yi ƙafa huɗu da ƙaho."

Samarin suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ambani ya ci gaba da gugarsa.

"Inna, kurmi na gwamnati ne, ba na kowa ba. In ban ɗiba ba wani zai ɗiba. Kuma itace ne fa, zai sake tofo."

"Ka taɓa ganin akuyar da aka feɗe ta sake fata?"

"Akwai ƙwayoyi a kantin magani. Zamani ya wuce tafasa itace. In Kwamanda ya ci wasa biyu, ni da kaina zan saya wa Baba."

"Baban naka ya sha ƙwayoyin tun farkon ciwon, suna juya masa kai yana faɗuwa. Shi ya goya ka a wuya ya kai ka filin karo ranar farko, kana kuka kana tsoron ganga. Ka tuna?"

Bijimin ya yi huci ya tono ƙasa da kofato. Ta juya ta tafi.

Dattawan dangi suka so su zauna a makon. Ayuma ta roƙe su su dakata. Ta ce hukunci ba ya tafasa a tukunya, a bar ta ta nemi magani tukuna, lokacinta ba shi da yawa.

Ta fara da gindin uwar bishiyar da aka feɗe. Ganye ya soma zuba, rana na saukowa ƙasa a wurin da ba ta taɓa sauka ba. Akwai 'yan tsiro a ƙarƙashi, da yawa ma, amma duk tsawon yatsa, ganyensu ya sha cizon tsutsa. Haka suke kowace shekara: su fito ɗari, su mutu ɗari. Ƙwarin da suka saba da uwa su ke cinye 'ya'yan. Ko da ɗaya ya rayu, sai ya shekara goma sha biyar kafin a sa masa wuƙa, Ingosi kuwa wata biyu gare shi. Ta yi kwana goma sha tara tana shiga kurmi tana fita, ta bi rafuka, ta tambayi masu itacen wuta da masu cirar zuma. Kowa ya nuna mata kututture. Ta rage ɓawon da take sa wa tukunya, ruwan ya koma fari-fari. Ingosi ya lura, ita kuma ta ga ya fara daɗewa a bayan gida, yana fitowa da gumi a goshi.

A hanyar maɓuɓɓuga, daidai inda gonakin shayi suka ƙare kurmi ya fara, akwai wata tsohuwar bishiya mai kogo can sama. Shekara da shekaru manyan cilakowa masu baƙi da fari ke gida a ciki. Macen takan shiga, su liƙe ƙofar da laka su bar 'yar tsaga, ta zauna kan ƙwai har 'ya'ya su yi gashi. Namijin ne ke yawo ya ciko maƙogwaro da 'ya'yan itace, ya zo ya riƙa miƙa mata ɗaya-ɗaya. Ta ci tsokar, ta tofo ƙwallon waje.

Imbuhila ta hana yaran dangi harbin tsuntsayen nan, ta taɓa kai wa wani ƙato duka da muciya a kan haka. Gajeruwa ce, bahaguwa, ba ta da fara'a. Lokacin Ayuma na amarya, tsohuwar takan zaunar da ita a gindin wannan bishiya tun da safe, ga aiki jibge a gida, ta ce ta tsince ƙwallayen da ke ƙasa ta gaya mata sunan kowane. In ta kuskure a sake. In ta gama a ce ta dubi ta inda tsuntsun ya zo da inda ya koma. Ayuma ta sha kai ƙara wurin mijinta cewa uwarsa tana ɓata mata safiya da kallon tsuntsu. Tsohuwar ta ji, ta ce: "Ke kina tsammani wani ne ya bi kurmin nan da fartanya ya shuka shi? Ga manoman can a sama. Ki san su."

Ranar ashirin Ayuma na dawowa daga ɗibar ruwa, gwiwa ta matsa mata, ta sauke jarka ta zauna a gindin bishiyar. Ba neman komai take ba. Hannunta ne kawai ya shiga tsintar ƙwallaye don sabo. Na ɓaure, ƙanana kamar yashi. Na itacen da ake yin ganga. Sai ga wani ɗan kewayayye, faɗinsa ya fi tsawonsa, da ɗan tsagi a tsakiya. Ta goge shi da bakin zane, ta fasa da haƙori, ta shinshina. Ƙamshin nan mai ɗaci.

Ta tona ganyen da kyau, ta sami goma sha ɗaya, duk ɗanye, wasu da sauran jar tsoka a jiki. Bishiyarta bana ba ta yi ɗa ko ɗaya ba, furenta ya zube mako guda bayan an feɗe ta. Ke nan akwai wata a raye, babba, mai 'ya'ya, kuma tsuntsun nan ya san inda take.

"Tsuntsu za ki bi?" in ji Ingosi da ta nuna masa. "Da wannan gwiwar? Shi da fuffuke, ke da sanda?"

"Uwarka ta ce manomi ne. Manomi kuwa ba ya sauya hanyar gonarsa."

"Da tana raye da ta ji daɗi. Shekara talatin kina zaginta a ciki."

"A fili ma na yi. Miƙo mini takalman roba."

Ba a bin cilakowa da gudu. Tana da nauyi, fuffukenta na ƙara kamar ana sheƙe masara, kuma tana hutawa a kan dogayen bishiyoyi iri ɗaya kullum. Ranar farko Ayuma ta zauna a gindin gidan, ta ga namijin ya zo sau biyar, uku daga ciki ta kudu, kuma bayan kowane zuwan kudu akan tofo ƙwallon mwiritsa. Ta lura da bishiyar da yake fara sauka in ya tashi. Rana ta biyu ta je gindin waccan ta zauna, ta ga ta gaba. Da azahar ruwa ya sauko kamar kullum, ta fake a tsakanin saiwoyin wata ƙatuwar bishiya masu tsayi kamar bangon ɗaki. Rana ta uku ya ɓace mata gaba ɗaya, don birai sun tayar da hayaniya a sama ba ta ji fuffuken ba. Rana ta huɗu ta taka layin kwarkwasa, ta tuɓe takalma tana tsalle ita kaɗai a tsakiyar kurmi, tsohuwa mai jika bakwai, har ta ba kanta dariya.

A cikin kwanakin nan ta ga abin da ta daɗe tana wucewa ba ta kallo. Ganyen da ya faɗi wancan mako ya riga ya zama ƙasa. Ta sa yatsa ta tona, baƙar ƙasar ba ta wuce gaɓa biyu ba, ƙarƙashinta jar yumɓu ce marar amfani. Duk girman kurmin nan a kan wannan ɗan abin yake tsaye, yana cin abin da ya zubar. Gara na cin matacce, naman kaza na cin abin da gara ta bari, saiwa na shan sauran. Ba wanda ke ɗauka ya fita da shi sai mutum.

Da ta dawo ran nan ta tarar da Ingosi a kwance, ya ƙi cin tuwo. Ya ce tun safe ɗigo-ɗigo ne. Ta kwance ƙunshin, ta zuba abin da ya kamata ya yi kwana huɗu a tukunya ɗaya. Ya dube ta.

"Kin fasa tsimin?"

"Sha ka yi mini shiru."

Rana ta shida tsuntsun ya kai ta bakin wani kwazazzabo a hayin rafi na biyu, wurin da masu itace ba sa zuwa saboda santsi. Ta sauka da mazaunai, tana riƙe jijiyoyi. A ƙasa akwai gawar wata ƙatuwar bishiya da ta faɗi tun da daɗewa, ta ruɓe ta zama tudu mai gansakuka. Faɗuwarta ce ta buɗe wa rana ƙofa a wancan zamani, kuma a cikin wannan ƙofa wani ƙwallo da tsuntsu ya yar ya samu ya tashi. Ga ta nan tsaye, mwiritsa, ɓawonta baƙi mai tsage-tsage, kaurinta ya fi ƙarfin hannun mutum biyu. Cilakowa huɗu na kanta suna kururuwa, 'ya'ya na zubowa kamar yayyafi. Can gefe akwai wasu biyu matasa, kaurin cinya.

Ayuma ta dafa ta da hannu biyu ta tsaya har numfashinta ya dawo. Sannan ta zagaya gefen fitowar rana don ta ga inda za ta yanka.

Wani ya riga ta. Akwai tabo a wurin, tsoho ƙwarai, ya warke ya cike har ɓawon ya yi leɓe a gefensa. Faɗin tafin hannu. Ya fara daga ƙasa da gwiwarta ya tsaya a cibiyarta, aikin gajeren mutum. Bakin yankan na sama ya karkata daga dama ya gangara hagu. Ayuma ta shekara tara tana tsaye a bayan mai wannan hannu tana riƙe da kwando, ba ta buƙatar a gaya mata cewa yankan Imbuhila ne. Ta leƙa ɗaya gefen, ta sami na biyu irinsa, shi ma ya warke.

Tsohuwar ta san wurin nan. Ta ɗiba sau biyu ta bar shi, ba ta gaya wa kowa ba, har 'ya'yan cikinta. Da ta faɗa da baki, da Ayuma ta kawo Ambani nan ma bara, da yanzu buhunan sun zama ashirin. Sai tsohuwar ta ɓoye bishiyar, ta koya mata hanyar.

Ayuma ta zauna a kan saiwa ta yi kuka kaɗan. Ta ce, "Mama, na gode. Na yi miki rashin kunya a kan safiyoyin nan, ki yafe." Ta gode wa Allah da ya halicci tsuntsu mai mantuwa da ƙwallo. Ta ɗaga kai ta gode wa masu kururuwar ma, ɗaya ya sako mata kashi a kafaɗa, ta ce ta karɓa.

Ta auna da tafinta tsakanin tabon biyu, ta gefen arewa, ta bar tazara mai yawa hagu da dama. Ta yanka daga gwiwa zuwa ƙirji, ta ɓanɓaro a hankali. Ta sauka rafi ta ɗebo laka ta shafe raunin har ba a ganin ja. Ta tsinci ƙwallaye cike da gefen zane. Da za ta hau, ta bi ta kan duwatsu don kada ta bar sawu.

Ta iso gida rana ta karkata, laka har kunne. Ingosi na bakin ƙofa, ya kasa zama ya kasa tsayuwa. Ta ajiye kwandon a gabansa ta buɗe ganyen ayaban da ta rufe shi da shi. Ya shinshina tun kafin ya duba.

"Ina?"

"Ba zan faɗa ba."

"Ni mijinki?"

"Kai ɗin. Uwarka ma ba ta gaya maka ba, kuma ta fi ni sanin bakinka in ka sha giyar gero."

Ta gaya masa zancen tabon. Ya juya ɓawon a hannunsa.

"Ta taɓa ɓacewa yini guda lokacin ciwon mahaifina," ya ce. "Ta dawo kamar yadda kika dawo ɗin nan. Muka tambaye ta, ta ce ta je gaishe da manoma. Muka ce tsufa ya fara taɓa ta."

Ta ɗora tukunya. Ruwan ya yi ja kamar shayin da ba madara. Bayan kwana uku ya fito daga bayan gida yana fito da baki, ya ce a yanka zakara. Ta ce zakaran na cilakowa ne, amma tun da ba sa cin nama za su taya su. Ran Lahadi ta tashi a coci ta yi godiya a gaban jama'a, ta ambaci surukarta da suna, ba ta ambaci kwazazzabo ba. Ƙwallayen kuwa ta shuka su a tsofaffin gwangwanaye a inuwar ayaba, arba'in da uku suka tsiro. Ta fara zaunar da matar ɗanta a gindin bishiyar kogo da safe. Matar tana ƙunƙuni, Ayuma ba ta damu ba.

Sannan dattawa suka zauna a gidan Muhati, wanda ya fi kowa shekaru a dangin. Ambani ya maimaita maganarsa cewa kurmi ba na kowa ba ne. Muhati ya ce, "To bijimin da aka saya da abin da ba na kowa ba, na wa ne?" Ambani ya ce a yi masa afuwa tun da an sami wata bishiyar, Baba kuma ya warke. Aka tambayi Ayuma. Ta ce ita ta samu abin da take nema, ba ta riƙe kowa a zuci ba, amma bishiyar da ta ciyar da gidaje shekara ɗari ba ta da bakin da za ta yafe.

Aka ja Kwamanda zuwa bakin kurmi aka yanka shi, bai taɓa shiga filin karo ko sau ɗaya ba. Dangi suka ci naman, ba a ba Ambani ko tsoka ba. Aka karya addarsa a gabansa. Aka ba shi tsiron nan arba'in da uku ya dasa a gefen gonarsa ta rake, duk wanda ya mutu ya maye shi da biyu. An hana shi shiga kurmi shekara bakwai, ko don itacen wuta.